Tafiya Kaduna da Ƙonannen Fistan a Kwanon Gwaggo

Litinin: Birnin Gwari zuwa Kaduna

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba muka fito daga gida, ni da Gwaggo Asabe, yayar mahaifina. Ni na rataya jaka, a ciki har da takardar shaidata ta makarantar koyon sana'a, wadda ba wanda ya ce in ɗauko. Ita kuma ta ɗora kwanon sha mai murfi a ka, ta ɗaure shi da ɗankwali. Ba fura ba ce a ciki. Fistan ne, ɗaya daga cikin shidan da na ciro daga injin motarta, kansa ya narke ya huje har babban yatsa na shiga.

A shekarun nan ne da naira take sabuwa, tsofaffi na ta ciniki da sule. Gwaggo na da babbar mota guda, wadda ke shiga Kakangi da Randagi tana kwaso hatsi, ta kai musu gishiri da kananzir da takin zamani. Injinta mai turbo ne. Ga wanda bai sani ba, turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta riƙa cusa wa injin iska, sai ya ƙara ƙarfi, ya kuma ƙara zafi. Fistan shi ne gwangwanin ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, kwanrod kuwa shi ne hannun da ke riƙe da shi. Sati uku kafin wannan tafiya motar ta tsaya a tsakiyar daji da buhu ɗari a bayanta, fistan ɗaya ya narke, kwanrod ɗinsa ya lanƙwashe. Ruwan farko ya riga ya sauka, in kuwa rafuka suka cika to hanyar ta rufe sai kaka.

Gara in faɗi abin da ke cina tun yanzu. Ni ne makaniken motar, kuma ni na sa fistan ɗin bara. Lokacin na je Kaduna ban sami na inji mai turbo ba, aka ce sai bayan sati uku za su iso daga Ikko. Ni kuma na riga na cika baki a tasha cewa motar za ta tashi kafin Sallah. Sai na auna na injin da ba turbo, na ga faɗinsu ɗaya, na saya na ɗaura. Har canji na mayar wa Gwaggo ina taƙamar na iya ciniki. Da abin ya faru, sai na tsaya a tasha gaban jama'a na ce direba ne ya ƙona inji da ganganci. Direban shi ne Baba Bulus, Bagware mutumin Kakangi, wanda ya shekara tara yana tuƙa wa Gwaggo. Bai yi musu ba. Ya ajiye makulli ya koma ƙauyensu.

Na yi iya ƙoƙarina in tafi Kaduna ni kaɗai. Na ce hanya ba kyau, na ce layin masu kayan gyara ba wurin mata ba ne. Gwaggo ta ce ita ko mudun gero ba ta saye sai ta zura hannu a buhu, balle abin da ya kwantar mata da mota.

Muka yi salla a tasha. Ƙarfe shida da minti goma a-kori-kurar da muka samu ta tashi. Gaban mota naira biyu, baya naira ɗaya. Gwaggo ta shiga gaba, ni na hau baya tsakanin garwar zuma da kwandon zabi. A Kuriga masu gadin daji suka tsayar da mu suna neman katako da naman daji, suka ɗaga buhuna biyu suka sallame mu. Ƙarfe takwas da rabi muka karya a Udawa da kunu da ƙosai na kwabo goma. Ƙosan ya yi daɗi, na ga Gwaggo ta ƙara, amma ni uku kawai na ci.

A Buruku akwai shingen 'yan sanda. Wani kofur ya leƙa gaban mota ya ga kwano a cinyar Gwaggo, ya ce Mama a ɗan buɗe mu ga abin da aka dafa mana. Ta kwance ta buɗe. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi ma ya taɓa aikin gareji, wannan wane mugu ne ya yi wa inji haka.

Gwaggo ta ce, "Direba ne, in ji makanike. Ga shi can a baya, tambaye shi."

Na sunkuyar da kai ina gyara murfin kwandon zabin da ba nawa ba, har muka wuce.

Daga Birnin Gwari zuwa Kaduna mil saba'in ne da 'yan kai, mun ci su cikin awa huɗu da rabi. Muka sauka Tudun Wada gidan Hajiya Kulu, ƙawar Gwaggo mai fataucin goro. Aka ba ni ɗakin zaure, tabarma da filo da buta.

Bayan azahar muka fita neman kaya. A duk layin akwai shago ɗaya da ba na so mu shiga, na wani Ibo da ake kira Oga Emeka, domin a wurinsa na yi sayayyar bara. Shagonsa na farkon layi, saboda haka na zagaya da Gwaggo ta bayan gidan mai, muka shigo ta ƙarshe, na ce nan ne manyan dillalai suke. Shago na farko suka duba fistan suka ce ba su da shi, mu je wurin Emeka. Na biyu haka. A na uku na yi ta jan mai shagon da Turanci don kada Gwaggo ta ji, shi kuwa ya juya ya gaya mata da Hausa tsantsa cewa kayan wannan inji sai Emeka. Da muka kai shago na biyar har hannu aka nuna mata. Na ce ai la'asar ta yi, ƙila ya rufe. Gwaggo ta ce to gobe da shi za mu fara. Da yamma Hajiya Kulu ta aiko da tuwon shinkafa da miyar taushe, kwanon ya koma kusan yadda ya zo, har ta aiko tambaya ko zazzaɓi nake yi.

Talata: Kaduna

Ƙarfe takwas da kwata muna ƙofar shagon. Na jawo hula har gira. Oga Emeka haifaffen Zariya ne, Hausarsa ta fi tawa. Yana ɗago kai ya ce, "A'a, Injiniya na Birnin Gwari, sannu da zuwa." Na tuna ni na gaya masa bara cewa haka ake kirana a gida. Ba wanda ya taɓa kirana haka.

Ya ba Gwaggo kujera, ya aika aka kawo mata lemo. Ta buɗe kwano. Ya ɗauki fistan ya juya shi, ya leƙa cikinsa, ya dube ni sau ɗaya. Ya shiga ciki ya fito da sabo a kwali, ya jera su biyu a kan kanta, ya shiga yi wa Gwaggo bayani kamar mai koya wa ɗalibi. Ya ce ta ɗauki kowanne ta ji. Ta ce sabon ya fi nauyi. Ya nuna mata kaurin kansa, ya ce nan wuta take dukan fistan, inji mai turbo kuwa wutarsa ta ninka, sirara ba sa jurewa. Ya nuna mata wani baƙin zobe na ƙarfe da aka dasa a tsagar ringi ta sama, wato inda zoben da ke hana iska zurarewa ke zama, don kada zafi ya cinye tsagar. Ya nuna mata ramin da ke saman kan, na sabon ya fi faɗi, ya ce saboda iskar da turbo ke ƙarawa ta sami wurin zama, in ba haka ba matsi ya yi yawa. Ya ce daga waje kamar tagwaye suke, duk wanda faɗi kawai ya auna zai ce ɗaya ne.

Gwaggo ta ce, to wannan na kwanon nata na wace mota ne. Ya ce na injin da ba turbo ne. Ta tambaya ko direba mai hankali zai iya hana shi narkewa. Ya ce ko wa ke tuƙi, indai ana hawan tudu da kaya, wata rana sai ya narke, wanda ma ya kai shi shekara direba ne na ƙwarai. Yana faɗin haka sai ya juya baya ya shiga goge kwalayen da ba su da datti.

Gwaggo ba ta kiran sunana, domin sunan mahaifinta gare ni. Ta juyo ta ce, "Mai-sunan-Baba, wa ya sa wannan a motata?"

Na yi tunanin in ce kuskuren kwali ne. Na yi tunanin in ce Turawan da suka ƙera ne. Na dubi bayan Oga Emeka, mutumin da ya gargaɗe ni sau biyu bara, kuma yanzu yake ƙoƙarin rufa mini asiri, na ga in na ƙara wata ƙaryar a kansa za ta faɗa.

Na ce, "Ni ne, Gwaggo. Ya gaya mini ba nata ba ne, na ƙi ji. Baba Bulus ba shi da laifi."

Na zaci za ta yi faɗa, har na shirya tsayuwa. Ba ta yi ba. Ta shanye lemonta, ta ajiye kwalbar, ta ce wa Oga Emeka a kawo shida irin wannan, da ringinsu da duk abin da ke tafiya da su, kuma a buɗe kowane kwali a gabanta. Aka buɗe. Ta zura yatsa ta taɓa baƙin zoben nan a kowane ɗaya. Kowane fistan da ringinsa da bututun ƙarfen da yake hawa da sauka a ciki naira talatin da takwas aka ce, ta taya talatin, aka daidaita a talatin da huɗu. Ni ina tsaye riƙe da murfin kwano.

Saura kwanrod. Sabo babu a gari. Oga Emeka ya ce mu je Fanteka, inda ake farfasa motocin da suka yi haɗari, amma mu kiyaye abu uku: kada mu ɗauki wanda ya yi shuɗi don zafi, kada mu yarda a haɗa mana kwanrod da murfin gindin wani kwanrod, domin kowanne da nasa aka ƙera shi kuma akwai lamba a gefe, sannan nauyinsa ya zo daidai da sauran biyar ɗin. Ya ce in ɗaya ya fi sauran nauyi, inji zai riƙa rawa har ya ci kansa. Ƙusoshin murfin kuwa ya ba mu sababbi, ya ce tsoho ba a maimaita shi. Na ce duk na san wannan, mun yi a makaranta.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka isa Fanteka, ina ɗauke da buhu mai lafiyayyen kwanrod guda da na zo da shi don gwaji. Wani dattijo mai rumfar injuna ya zube mana guda tara a ƙasa. A nan na so in farfaɗo da mutuncina. Na tsuguna, na riƙe namu a dama, ina ɗaukar nasa ɗaya bayan ɗaya a hagu, ina lumshe ido ina jijjigawa. Na zaɓi guda na ce wannan ne, hannuna ba ya ƙarya.

Gwaggo ta tsallaka zuwa rumfar wani mai sayar da ƙusa, ta gaishe shi, ta aro sikelinsa mai faranti biyu. Ta sa namu a ɗaya, zaɓina a ɗayan. Zaɓina ya yi ƙasa har ya bugi tebur. Mai ƙusa ya riƙa jefa ƙusa a ɗaya farantin yana dariya, sai da ya jefa goma sha ɗaya 'yan inci uku kafin su daidaita. Makanikai huɗu ne suka taru suna kallo, ɗaya ya tambaye ni a wane gareji nake koyo.

A cikin taran ba wanda ya zo daidai da namu. Sai dattijon ya ce akwai injin wata mota da ta faɗi a gada, gaba ya lalace amma ciki lafiya, gara mu ɗauki shidansa gaba ɗaya tunda tare aka haife su. Aka kwance a gabanmu. Gwaggo ta auna su bibbiyu, duk suka tsaya kai da kai. Aikin da aka bar mini shi ne karanta lambar murfi, da zura sandar ƙarfe a idanunsu don a ga ko akwai mai karkata. Wannan kam na yi shi da kyau, sau biyu ma. Naira sittin muka biya, ta ba mai ƙusa goro biyar.

Laraba: komowa

Ƙarfe bakwai muka bar Kaduna a wata babbar mota mai zuwa Kwantagora. Kayan sun yi akwati biyu, ni na ɗora ni na sauke, domin Gwaggo ta kori 'yan dako ta ce ta zo da nata. Ruwa ya kama mu bayan Udawa, na cire rigata na rufe akwatunan. Tun Fanteka ba ta yi mini magana ba sai ta aike. Da muka sauka Birnin Gwari ƙarfe ɗaya da rabi, na bi ta har ƙofar ɗaki na durƙusa na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Ni ƙarfe ka ɓata mini, ga shi mun sayo wani. Wanda ka ɓata wa suna yana Kakangi. Kada ka taɓa injin nan sai ka zo da shi."

Alhamis zuwa Asabar: Kakangi

Na ari babur na fita ƙarfe shida. Tafiyar ba ta kai mil ashirin ba, amma ta ci awa biyu da rabi. Daji ya fara kore, birai na tsallaka hanya, rafi biyu sai da na sauka na tura, a na biyun takalmina ɗaya ya tafi. Wasu Fulani da ke shayar da shanu suka taya ni cire babur daga laka, suka ba ni nono, suka kuma tambaya ko gaskiya ne motar hatsi ba za ta shigo bana ba.

Na sami Baba Bulus a gona yana tada tudun doya. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Gwaggo da mutanen gida, bai daina aiki ba. Na tsaya da takalmi ɗaya na faɗa masa komai. Na ɗauka zai yi mamaki. Ya ce ai tun watan farko ya ji muryar motar ta canja, kuma sau uku yana gaya mini allurar zafi na hawa a kan tudu, ni kuma ina ce masa allurar ce ta lalace. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa a tasha ba. Ya ce ni ɗan gida ne kuma mai takarda, shi wa zai saurara, kuma bai so ya kunyata Gwaggo da ɗan ƙaninta a bainar jama'a.

Sai ya dogara da garma ya ce, "Ɗana, na haƙura. Amma 'ya'yana sun ji an ce ubansu ya ƙona motar mutane. A inda ka faɗi waccan, a nan za ka faɗi wannan."

Na ce na yarda, mu tafi. Ya ce ina, shi da ya zauna ba aiki ya buɗe gona, ba zai bar ta rabi ba, saura tudu ɗari uku. Ya nuna mini wata garma a gindin kaɗanya. Kwana biyu na yi a Kakangi. Matarsa ta ciyar da ni tuwon dawa da miyar karkashi, ta ba ni man kaɗe in shafa a tafin hannu da ya faffashe. Tuduna kuwa, Baba Bulus ya riƙa bi yana gyarawa, ya ce in aka dasa doya a cikinsu sai ta fito kamar gyaɗa. Ranar Asabar da hantsi na goyo shi a babur, sanye da takalmin taya da ya ara mini, ƙarfe goma sha biyu muna Birnin Gwari.

Gida

Kwana shida muka yi muna haɗa injin, Baba Bulus na zaune a kan benci yana kallon kowace ƙusa. Ranar kasuwa da hantsi na hau kan tayar wata mota a tasha, na yi sallama, na faɗi abin da na yi da abin da na ƙaga wa bawan Allah. Na shirya jawabi mai tsawo, har na yi bitarsa a gareji. Ban kai rabi ba mai shayi ya ce ai kowa ya sani tun ran Laraba, direban motar Kwantagora da ya ɗauko mu ya jiyo a Kaduna, ya ba da labari har da ƙusa goma sha ɗaya. Baba Bulus ya ce a bar ni in ƙarasa, shi bai ji ba tukuna. Na ƙarasa. Ya miƙo mini hannu ya sauko da ni.

Washegari motar ta tashi bugu ɗaya. Muka bar ta tana aiki a tsaye awa biyu, sannan aka yi mata rabin lodi na taki, ya ja ta a hankali zuwa Randagi, ina gefensa. Allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, amma duk tudun da muka hau ni sai da na jiƙe. Muka kwaso dawa buhu sittin muka iso gida ana kiran la'asar. Ya yi sawu goma sha ɗaya kafin rafuka su rufe hanya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Hajiya Kulu da masaukinta, da Oga Emeka da ya ga tsiraicina ya kau da kai, da mai ƙusa na Fanteka, da matar Baba Bulus da man kaɗenta. Gwaggo da Baba Bulus duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kuma na tsufa a garejin nan, na yaye makanikai da dama. Amma har yau a tashar Birnin Gwari, in na gama aiki na rufe inji na ce wa mai mota ta yi, sai wani tsohon direba ya ɗago kai daga benci ya ce, "To, Bulus ya ji muryarta?"